Mi ke sa garkuwar jiki ta juya ta ci mai ita?

A nan Tawa in mace ta ce gaɓoɓin hannunta na ciwo, da safe ba ta iya dunƙule yatsu sai rana ta ɗaga sosai, amsa guda ce za ta ji bakin kowa, sanyi ne. Wasu su ce amosani, wasu su ɗora laifin ga wanki da ruwan randa, in abin ya daɗe har yatsu suka fara karkacewa sai magana ta koma ga sammu ko iska. Yanzu kuma ga sabon salo ya shigo ta waya, masu tallar magani a WhatsApp da TikTok suna cewa wai garkuwar jikinki ce ta yi rauni, sha wanga ki ƙarfafa ta. Wallahi wagga magana tana ƙona mini rai, don a cikin irin cututtukan da nike son mu tattauna garkuwar ba ta rasa ƙarfi ba ko kaɗan, ita ce ma ke yin ɓarnar, ta tashi faɗa ta kasa tsayawa, kuma abin da take bugu naman mai ita ne. Likitoci sun ƙirga cututtuka sama da 80 masu wannan hali. A ciki akwai kumburin gaɓoɓi da lokotoro ke rubutawa poliyartrit, akwai lupus mai taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda, akwai diyabet ɗin yara da ke buƙatar insulin tun farko, akwai wasu ciwukan maƙoƙo, da farar fata mai bazuwa da ake kira bitiligo. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da poliyartrit kaɗai, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Kafin a gane yadda abin ke lalacewa sai an san yadda sojojin jiki ke magana da junansu. Ba su da baki ba su da ido, ba su san abin da ke faruwa a ƙafa ba in suna cikin ɓargo, to abin da ke haɗa su wasu ƴan ƙananan sinadarai ne na furotin da ƙwayar halitta guda ke saki wata ta karɓa, sunansu sitokin. Suna da yawa, sun haura ɗari, amma waɗanda za ka riƙa jin sunansu a maganar kumburi su ne TNF, da IL-1, da IL-6, da IL-17, da kuma interferon. Wannan na ƙarshe tun 1957 aka gano shi a Landan, TNF kuma a 1975 a Amurka, IL-6 kuwa ƙungiyar Tadamitsu Kishimoto ce a Osaka ta Japan ta fito da shi fili a 1986. Kowane ɗaya yana da wurin karɓa nasa a bayan ƙwayar halitta, in ya manne wurin sai saƙon ya wuce ciki ta wasu hanyoyi, ɗaya ana ce mata JAK da STAT, wata NF-kappa-B, har ya kai ga cibiyar ƙwayar inda kundin gado yake, a can ne ake buɗe wasu shafuka a rufe wasu, ƙwayar ta canza aikinta gaba ɗaya cikin ƴan awowi.

Abin ya yi kama da kururuwar ɓarawo a cikin unguwa. Mutum guda ne ya gani ya yi ihu, na kusa da shi bai ga komai ba amma ya ɗauka, kafin ka ce mi gari ya cika da sanduna. In ɓarawon gaskiya ne to an tsira. Amma dole a samu dattijon da zai fito ya ce ya isa haka kowa ya koma gida, in ba haka ba taron zai ci gaba da bugu ko da wanda ke ƙasa ɗan gidan ne.

A ce ƙaya ta soki mutum a gona. Akwai wasu manyan ƙwayoyi masu haɗiye ƙazanta da ke zaune cikin nama, makrofaj sunansu, su ne ke fara jin warin ƙwayar cuta, nan take su saki TNF da IL-1. Waɗannan biyun su sa jijiyoyin jini na wurin su buɗe, shi ya sa wurin ke yin ja da zafi, su sa bangon jijiyar ya yi danƙo don fararen ƙwayoyin jini da ke wucewa su maƙale su ratsa su shiga naman, ruwa ya biyo su, shi ne kumburin, kuma su ƙara wa jijiyoyin jin zafi kaifi don ka daina taka ƙafar. In saƙon ya yi yawa har ya shiga jini ya kai ƙwaƙwalwa, akwai wani wuri can ƙasanta da ke daidaita ɗumin jiki, sai ya ɗaga ma'auni, shi ne masassara. Kowa a ƙasar nan ya san rawar ɗarin palu, to ku sani ba ƙwayar palu ce da kanta ke ɗumama jiki ba, in jajayen ƙwayoyin jini suka fashe suka zubar da ita sai makrofaj su amsa da TNF da ƴan uwansa, su ne ke kwantar da kai, su hana ka cin abinci, su sa maka kasala da ciwon jiki. IL-6 kuma hanta yake nufa ya ce mata ta zubo wani furotin mai suna CRP, shi ne wanda kuke gani a takardar analiz, tare da VS, wani gwajin jini mai nuna kumburi. In lokotoro ya ce CRP ɗinki ya hau, ma'anarsa IL-6 na ta kai-kawo a jikinki, amma takardar ba za ta faɗa masa dalili ba, ko ƙwayar cuta ce ko garkuwar ce ta rikice, wannan sai da bincike na gaba.

Duk wannan aikin alheri ne, ba don shi ba ƙaramin gyambo sai ya kashe mutum. Inda na fi son mu daɗe shi ne ɓangaren tsayarwa, don shi ne ba a cika bayani a kai ba alhali nan ne cutar take.

Jiki yana da matakai da yawa na kashe kumburi, Allah ya tsara su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, sitokin ba su daɗewa, da yawansu cikin mintoci ko ƴan awowi suke lalacewa, in ba a sake saki ba magana ta mutu da kanta. Na biyu akwai sitokin masu sanyaya rai, IL-10 da TGF-beta, aikinsu su ce wa makrofaj ta aje makami ta koma gyaran nama. Na uku jiki yana ƙera wani abu mai kama da IL-1 sak, ya je ya zauna a wurin karɓar IL-1 ba tare da ya isar da komai ba, ya toshe wurin kawai. A cikin ƙwayar ma, saƙon da ya bi ta JAK da STAT shi da kansa yake tayar da wasu furotin da ake kira SOCS su dawo su katse hanyar. Sannan ga kortizol da wasu ƴan halittu biyu da ke saman ƙoda ke zubowa, shi kuma duk jiki yake kwantarwa. Wato kowane saƙon tashi yana tafe da saƙon kwanciya a bayansa.

Sai babbar tambaya, ta yaya sojan jiki ke rarrabe naka da na baƙo tun farko? Wajen 1901 Paul Ehrlich na Jamus yana ganin jiki na da tsarin da ke hana shi ƙera makami a kan kansa, kuma shekaru da yawa likitoci suka ɗauki maganar kamar hakan ba ya yiwuwa sam. Daga baya aka gane cewa wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna limfosit, wato T da B, ana ƙera su ne barkatai, kowace da irin abin da take iya ganewa, miliyoyin iri, kuma dole a cikinsu a samu masu gane naman jiki. Akwai wata ƴar halitta bayan ƙashin ƙirji mai suna timus, babba ce ga yara tana ƙanƙancewa bayan balaga, Jacques Miller ne ya gano amfaninta a 1961. A cikinta ake nuna wa ƙwayoyin T samfurin kusan duk furotin na jiki, wadda ta zabura ta kama da ƙarfi a kashe ta nan take. Sai dai tacewar ba ta cika ɗari bisa ɗari, ni da kai duk muna yawo da wasu da suka kuɓuce. Abin da ke riƙe su shi ne wasu ƙwayoyin T na musamman masu tsawatarwa, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995 lokacin da masana da yawa sun riga sun yi watsi da batun. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell a Amurka suka gano ƙwayar gado mai suna FOXP3 a jikin wasu ɓeraye da garkuwarsu ke cinye su tun suna ƙanana, aka kuma ga cewa jarirai maza da aka haifa da lahani a wannan ƙwayar gadon suna kamuwa da gudawa marar tsayawa da diyabet da ciwon fata tun watannin farko. Sakaguchi ya haɗa biyun a 2003, FOXP3 ita ce ke mayar da ƙwayar T ta zama mai tsawatarwa. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta likitanci a 2025.

To mi ke sa duk waɗannan matakai su gaza ga wani mutum? Ba abu guda ba ne, taruwa ake yi. Akwai gado, musamman wasu ƙwayoyin gado da ake kira HLA waɗanda aikinsu ɗaga guntun furotin su nuna wa ƙwayar T, wani irin HLA ɗin yana nuna naman jiki ta fuskar da ke tsokanar faɗa. Amma gado kaɗai bai isa ba, tagwaye masu kama ɗaya sau da yawa guda na da poliyartrit ɗayar lafiya lau. Akwai abin da ke tunzurawa daga waje. Hayaƙin taba yana canza siffar wasu furotin a cikin huhu har garkuwa ta daina gane su, ta ƙera musu antikor, wato makaman furotin da ƙwayoyin B ke yi su manne wa abokin gaba, waɗannan antikor ɗin su ne ake nema a analiz ɗin anti-CCP, kuma ana iya samun su a jini shekaru kafin gaɓa ta fara ciwo. Akwai kuma kamanni, kuma misalin da ya fi kusa da mu shi ne ciwon maƙogwaro na yara. Wata ƙwayar cuta mai suna streptokok tana da furotin da ya yi kama da na ƙofofin zuciya, yaro ya yi ciwon wuya ba a ba shi penisilin ba, bayan sati biyu ko uku gaɓoɓi su kumbura, in abin ya yi ta maimaituwa shekaru kaɗan sai ka ga matashi ɗan shekara 18 yana haki ƙafa ta kumbura, ƙofar zuciya ta lalace. A Turai wagga cuta ta kusa ɓacewa, mu kuwa tana nan cike da gidajen likitanmu, kuma maganin hana ta ba tsada gare shi ba.

Mata kuma su ne abin ya fi kamawa, a lupus cikin goma tara mata ne, akasari masu shekarun haihuwa. Sinadaran mace suna da hannu, amma akwai wani dalili, kundin gado a ƙunshi-ƙunshi yake da ake kira kromozom, mace tana da kromozom X biyu namiji guda, kuma ƙwayoyin gado da yawa na garkuwa a kan X suke, ciki har da TLR7 da ke tayar da interferon. Ɗaya X ɗin a kashe yake amma ba duka ba, to wasu ƙwayoyin mace suna samun ninki. Shi ya sa ma mazan da aka haifa da X biyu da Y guda haɗarinsu na lupus ya ninka na sauran maza sosai. Wani abin da ya kamata iyayenmu mata su sani, mai poliyartrit sau da yawa tana samun sauƙi in tana da ciki don jiki na lafar da garkuwa saboda ɗan da ke ciki, bayan haihuwa da ƴan watanni ciwon ya dawo da ƙarfi, wata ma lokacin ne zai fara mata. Sai a ce ba ta yi wankan jego da kyau ba sanyi ya shige ta, a yi ta ɗora mata laifi, baiwar Allah ba ta yi komai ba.

Bari mu shiga cikin gaɓar mai poliyartrit mu gani. Kowace gaɓa tana da wata siririyar fata a ciki mai zubo ruwan santsi. Ƙwayoyin T da B da suka rikice su taru a wurin, su tayar da makrofaj, makrofaj ta saki TNF, TNF ya sa ƙwayoyin fatar gaɓar su hayayyafa su saki IL-6 da wasu sinadarai masu kiran ƙarin sojoji, sababbin zuwa su ma su saki nasu, IL-6 kuma ya taimaka wajen karkata sababbin ƙwayoyin T su zama masu sakin IL-17 maimakon su zama masu tsawatarwa, ka ga nan abin ya ci kansa, saƙon tashi yana haifar da saƙon tashi kuma yana rage masu cewa a tsaya. Siririyar fatar nan ta yi kauri ta zama tsoka mai cin guringuntsi. Sannan TNF da IL-17 su ɗaga wani saƙo mai suna RANKL da ke tayar da ƙwayoyin da aikinsu narkar da tsohon ƙashi, su fara ƙwaƙule bakin ƙashin. Abin da ya lalace a nan ba ya dawowa, kuma yawancin ɓarnar tana farawa ne a shekara biyun farko, lokacin da mu kuma muke cewa sanyi ne ana shafa man zafi.

Kuma ba a gaɓa abin ke tsayawa ba. IL-6 yana sa hanta ta saki hepsidin, wani sinadari da ke kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiya ya hana hanji tsotsar sabo, sai jini ya ragu, a yi ta ba mace ƙwayoyin ƙarin jini ba ta ƙaruwa don matsalar ba rashin ƙarfen ba ce, kulle shi aka yi. Gajiyar da take kuka da ita, wadda miji da dangin miji ke ɗauka ragwanci ne, ita ce dai kasalar da kake ji ranar da palu ta kama ka, bambancin ita tata ba ta wucewa. Kumburin shekara da shekaru yana lalata jijiyoyin jini ma, shi ya sa masu wagga cuta suka fi sauran mutane haɗarin ciwon zuciya.

Lupus tafiyarsa daban ce, nan interferon ne kan gaba. Kullum ƙwayoyin jikinmu na mutuwa ana share su, ga mai lupus sharar ba ta tafiya daidai, guntayen kundin gado su zube waje, antikor su kama su, wasu ƙwayoyin garkuwa su haɗiye dunƙulen su ɗauka virus ne ya shigo, su zubo interferon, shi kuma ya zuga ƙwayoyin B su ƙara ƙera antikor ɗin. Dunƙulen nan su je su maƙale a fata, a gaɓoɓi, a matatar ƙoda. Hasken rana yana kashe ƙwayoyin fata ya ƙara zubo guntayen, don haka mai lupus a rana irin ta Adar cikin watan Afrilu tana cikin wahala ta gaske, rufe jiki da neman inuwa magani ne gare ta. An kuma tabbatar cewa a Amurka da Ingila cutar ta fi yawa kuma ta fi tsanani ga mata baƙar fata, ta fi saurin taɓa musu ƙoda. A 1968 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, da ke aiki a Ibadan ya rubuta cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a asibitin da yake, ya kawo tunanin ko palu da sauran cututtukan da muke sha tun yarinta ne ke horar da garkuwarmu. Tunanin yana da ma'ana kuma har yau ana bincike a kai, amma ni a ganina ya kamata a yi hattara da shi, don cutar da ba a da kayan gano ta dole a ce ba ta da yawa, yarinyar da ƙodarta ta mutu a ƙauye ba wanda ya auna mata antikor.

Sanin waɗannan saƙonni ya canza magani ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1980 Marc Feldmann da Ravinder Maini a cibiyar Kennedy ta Landan suka ɗauko naman gaɓar marasa lafiya suka raya shi a dakin bincike, suka ga sitokin iri-iri a ciki har mutane na cewa toshe guda ba zai yi amfani ba tunda sauran na nan. Da suka toshe TNF sai IL-1 ma ya faɗi, wato akwai na gaba akwai mabiya. A 1992 suka gwada wani antikor mai kama TNF a kan marasa lafiya 20, sauƙin da aka gani ya ba kowa mamaki, wannan maganin shi ne infliksimab, ya shiga kasuwa a Amurka a 1998. Adalimumab ya biyo a 2002, sai tosilizumab da ke toshe wurin karɓar IL-6 wanda ya fito daga aikin Kishimoto, sai ƙwayoyin sha masu katse hanyar JAK daga ciki, na farkonsu a poliyartrit tofasitinib a 2012, sai masu toshe IL-17 a 2015, lupus ma ya samu mai toshe hanyar interferon a 2021.

Sai dai jiki ya nuna cewa lissafin bai da sauƙi haka. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu poliyartrit ba su samun sauƙin kirki da toshe TNF, alamar cewa cutar da muke kira da suna guda hanyoyinta daban-daban ne daga mutum zuwa mutum. An gwada toshe TNF ga masu wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai ciwon ya ƙaru. Toshe IL-17 yana share wani ciwon fata mai ɓawo kamar ba a taɓa yi ba, da aka gwada shi ga masu kumburin hanji na Crohn sai wasu suka ƙara lalacewa, ashe a hanji IL-17 yana taimakawa wajen riƙe bangon. Saƙo guda ne, amma abin da yake aikatawa ya danganta ga inda aka sake shi da wanda ya karɓa.

Wanda ya fi shafarmu shi ne tarin fuka. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, ga da yawa tana nan kwance cikin huhu, sojojin jiki sun kewaye ta sun yi mata ƙawanya, kuma TNF ne ke riƙe da ƙawanyar. A 2001 aka wallafa rahoton mutum 70 da tarin ya tashi musu bayan an ba su infliksimab. Ciwon hanta na B ma haka yake farkawa in an danne garkuwa, kuma kowa ya san yadda yake da yawa a ƙasar nan. Don haka duk wanda ya je Tunis ko Kazablanka ko Indiya aka rubuta masa irin waɗannan allurai, ya tabbata an yi masa hoton ƙirji da gwajin tarin fuka da na hanta kafin allurar farko. Ga tsada, kuɗin shekara na iya shiga miliyoyin sefa, ga shi dole su zauna a firigo tsakanin digiri 2 da 8, a garin da wuta ke ɗaukewa lokacin zafi wannan kaɗai aiki ne.

Shi ya sa ni ban ganin waɗannan allurai su ne maganar farko gare mu. Abin da ke nakasa matanmu yau jinkiri ne da kortizon na bakin hanya. Kortizon, ɗan uwan kortizol ɗin nan da jiki ke ƙerawa, magani ne na gaske, a 1948 Philip Hench ya ba wata mata da poliyartrit ta kwantar a asibitin Mayo na Amurka, cikin ƴan kwanaki ta tashi tana tafiya, a 1950 aka ba shi Nobel shi da wasu masana biyu. Yana shiga cikin ƙwaya ya rufe shafukan sitokin kusan duka a lokaci guda, shi ya sa wadda ta sayi deksametazon, wani irin kortizon, wurin mai tallar magani a kasuwa za ta ce ba ta taɓa ganin magani irinsa ba. Amma da yake bai zaɓe, wata da watanni sai fuska ta kumbura, tansiyo ya hau, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni, ido ya yi yana, kowace cuta ta samu ƙofa. Mafi haɗari, halittun nan na saman ƙoda in sun ga kortizon na zuwa daga waje sai su daina ƙera nasu, ranar da ta daina sha kwatsam jiki ba shi da ko kaɗan, tansiyo ya faɗi, ana iya rasa rai. Wanda ya sha fiye da sati uku a jere kar ya yanke da kansa, likita ne zai riƙa rage masa sannu sannu. Diklofenak kuma zafi kawai yake ragewa, ƙashi na ci gaba da ciwuwa a ƙarƙashi, ga gyambon ciki ga ƙoda.

Alhali akwai tsofaffin magunguna masu sauƙin kuɗi da har a Faransa su ne ake farawa da su. Metotireksat shi ne ginshiƙin maganin poliyartrit, in an fara da wuri mutane da yawa cutar na kwantawa ba sai an kai ga allurai masu tsada ba. Sau ɗaya a sati ake shan shi, ina maimaitawa, a sati, don shan shi kullum guba ne mai kisa, ana haɗa shi da asid folik, ana duba jini da hanta lokaci lokaci, yana ɗaukar sati shida zuwa wata uku kafin a ji aikinsa, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan shi don yana lalata ɗan tayi, wannan magana ce da ya kamata likita ya yi da mata da mijinta tare, a fili, don matsin neman haihuwa na sa wasu su ɓoye. Lupus kuma maganinsa na yau da kullum hidroksiklorokin ne, ɗan uwan nivakin ɗin da muka sha muna yara, yana shiga cikin ƴan jakunkunan ƙwayar garkuwa inda TLR7 ke aiki ya rage tashin interferon, mai ciki na iya shan shi, sai dai a riƙa duba ido.

Alamomin da za su sa a daina cewa sanyi ne a nufi gidan likita ba su da wuyar ganewa. Ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu sun kumbura dama da hagu tare, sanƙarewar safe ta wuce rabin awa kuma motsi ne ke sassauta ta, abin ya kai sati shida bai tafi ba. Wannan daban yake da ciwon gwiwar tsufa da ke ƙaruwa in an yi aiki ya lafa in an huta, daban kuma da rikicin amosanin jini da ke farawa tun yarinta. Ko kuma budurwa mai masassara tana tafiya tana dawowa an yi gwajin palu ba a ga komai ba, gashi na zubewa, ƙuraje a baki, tabo a kumatu da ke ƙaruwa in ta shiga rana, ƙafa ko fuska na kumbura, fitsari na kumfa. Irin wannan a roƙi a auna mata furotin a fitsari, gwaji ne mai araha na ɗan tsinken takarda, in an ga wani abu a nemi takardar turawa zuwa Yamai wurin likitan gaɓoɓi ko na cututtukan cikin jiki, kuma a tafi da duk kwalayen magungunan da ta sha, har da na kasuwa da na gargajiya, don likitan ya san ko akwai kortizon a jikinta kafin ya karanta analiz ɗin.